Liyafar Da Ta Haƙa Mini Kabari

Laraba, biyu ga Zulƙida, da hantsi

Mairam ta tafi. Ta bi yayanta Bakari bayan sallar asuba, da ƙullin kaya a ka. Ba ta yi mini sallama ba, ni ma ban ɗaga asabari ba. Shekara talatin da ɗoriya muna tare ba ta taɓa yin yaji ba, sai yanzu da furfura ta cika mata kai.

To, ta tafi ɗin. Ni aka yi wa laifi.

Zan rubuta yadda abin ya faru, don na san mutanen Haɗeja. Kafin Juma'a kowa zai sami labarinsa, babu nawa a ciki.

Jiya bayan la'asar ina kwance a ɗakina, kamar yadda nake tun ranar da aka karɓi makullan kantin kamfani daga hannuna. Na kwana biyu ban fita ko masallaci ba, wannan kuma tsakanina ne da Ubangijina. Sai na ji muryoyi ƙasa-ƙasa a zaure, zauren da ko akuya ta daina leƙawa tun da na bar aiki. Na zura riga na fito. Zaure cike, har waje an shimfiɗa tabarmi. Liman yana gaba da carbi. Wani yana cewa, “Allah ya jiƙan Malam Inuwa. Yana da zafin rai, amma ba ya cin haƙƙin mutum.” Wani ya ce, “Baƙin cikin aikin nan ne ya kashe shi.” Ina tsaye a bakin ƙofa ina sauraron ta'aziyyata.

Wanda ya fara ganina wani dattijo ne mai sayar da goro. Ya fita da gudu, har yanzu takalmansa suna nan. Liman ya yi salati ya ce, “Malam Inuwa, kai ne?” Na ce, “A'a, kakana ne.”

Ga abin da ya jawo. Da safe Mairam ta aiki ƙawarta, Uwa dillaliya, kasuwa ta sayo farin alawayyo da turare. Mai yadi ya tambayi na wane gida ne, ta ce na gidan Malam Inuwa. Mairam ta kuma aika wa liman ya zo addu'a bayan la'asar. Ta sakaye ƙofar cikin gida don kada a shigo a tona mata asiri. Da matan unguwa suka zo suka tarar a rufe, suka ce ana yi wa gawa wanka. Farin ƙyalle, turare, liman, da mutumin da aka daɗe ba a gani ba. A garin nan me kuma ake jira? Maƙwabcina Ya'u ya saɓi diga ya nufi maƙabarta.

Na bar su nan, na buga ƙofa aka buɗe. A ƙarƙashin rumfa na tarar an ɗora tsohon ƙyaure a kan akwatunan littattafaina, an lulluɓe shi da farin alawayyon. Kyandir a bakin kwalabe suna ci, rana ba ta ko faɗi ba. Shinkafa, waina, da kifi, ragon ruwa guda sukutum a faranti, wanda Bakari ya kawo daga tungarsu ta gaban Kirikasamma. An kifa turame biyu an shimfiɗa musu buzu. Ita kuma ta ɗaura zanenta na Sallah. Ta durƙusa ta ce, “Malam, yau ce ranar da aka haife ka. Marigayiya Inna ta sha faɗa, ɗaya ga Zulƙida.”

A waje na ji an fara dariya. Dariyar mutum da yawa.

Abin da na yi, na yi. Abin da na faɗa, na faɗa.

Alhamis, da magariba

Babu wanda ya zo. Gara haka.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Ban je ba. Ina jin su suna wucewa ta bayan katanga. Wani ya ɗaga murya ya ce, “A gaida na lahira.” Na gane muryar. Ni na nema masa aikin ɗinkin buhu a kanti lokacin da ba shi da ko wandon kirki.

Na share tsakar gida. Kaji sun riga sun cinye shinkafar da ta zube. Ƙyauren ya tsage biyu, da ma tsoho ne. Itacen madafi jiƙaƙƙe ne, hayaƙi kawai yake yi, ban san inda take ajiye busasshen ba. Uwa ta aiko da tuwo, na mayar.

Asabar, da hantsi

Ranar haihuwa. Mu nan a yanka maka rago ranar suna, shi ke nan, sai kuma ranar da za a ɗauke ka a makara. Tsakanin biyun babu wanda ya damu da ranar da ka faɗo duniya.

Ni na san abin, don na gani da idona. Manajan kamfani, wanda leburori ke kira Mai Lofe, duk shekara sai ya yi. 'Yan'uwansa Turawa su taru a gidansa, farin ƙyalle a tebur, kyandir, su ɗaga kofuna suna kiran sunansa. Ni kuwa ina tsaye a baranda da makullai a hannu, ina jira a tuna da ni. Ni da na karanta littattafan da shi bai taɓa buɗewa ba. Ina cikin na farko-farko da aka kwasa daga ƙasar nan aka kai makarantar Turawa a Kano, Inna tana kuka kamar an kai ni yanka. Na dawo da Turanci da lissafi. Malaman gari suka ce na zama ɗan Nasara, Nasara suka ce in tsaya a baranda.

Sikeli bai taɓa yin ƙarya a hannuna ba. Awon ƙaryar da aka ce in rubuta ranar nan ban rubuta ba, ko yau aka sake cewa ba zan rubuta ba. Yanzu wani mai gajeren wando yana kan kujerata, an ce hannunsa ba ya gardama.

Ba wannan na zauna rubutawa ba. Abin da nake so in ce shi ne, matata ta ɗauko barandar nan ta kawo mini har cikin gidana. Ta yi mini kwaikwayon tebur da ƙyaure, kwaikwayon kujera da turmi, gari ya taru ya ga ƙarshen ɗan boko.

Ni aka yi wa laifi.

Litinin, da hantsi

Ya'u ya shigo yana dogara sanda. Tare muka tashi da shi, shi ya tsaya ga gonar shinkafa, ni aka kai ni Kano.

Ya ce, “Na zo ba ka haƙuri, na kuma zo in gaya maka ka karya mini baya. Ƙasar damina kamar danƙo take.”

Na ce, “Wa ya aike ka?”

“Ana aiken mutum ya haƙa wa maƙwabcinsa kabari? Samari suka ce za su yi, na ce ku ba ni wuri, ba ku san tsawonsa ba.”

“Ai da ka leƙo ka tabbatar na mutu tukuna.”

“In leƙo ina? Tun da aka yi abin nan na kanti, sau nawa na yi sallama ka sa a ce mini kana barci? Na ce to, wannan karon barcin ya ɗauke shi da gaske.” Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ban karɓa ba, ya jefa duka a baki. “Wuri mai kyau na samo maka, a kan tudu, kusa da Inna. Ruwa ba ya kaiwa. Ka ƙi.”

Ban yi dariya ba. Da zai tafi ya ce, “Yaushe za ka biko?” Na ce wanda aka yi wa laifi ba ya biko. Ya ce, “Au, haka littafin naka ya ce?”

Talata, bayan la'asar

Na zagaya ta bayan gari na je na ga kabarin. Ruwan sama ya cika shi, kwaɗi suna ciki. Na kwatanta da sandata. Tsawon daidai ne, ko a nan ban sami abin kama shi da shi ba.

Alhamis, bayan azahar

Liman ya zo shi kaɗai. Muka gaisa, ya yi ta juya carbi, sannan ya ce, “Malam Inuwa, an ji ka ce mata, je ki gidanku. Ka yi karatu kafin a kai ka boko, ka san irin wannan magana niyya take bi. In saki ka nufa, ya saku, tana cikin idda. In fushi ne kawai, matarka ce. Me ka nufa?”

Na ce na nufi ta ɓace mini da gani.

“Ba wannan na tambaye ka ba.”

Na ce ya fara tambayar kansa yadda aka yi ya ja addu'ar mamaci bai ga gawa ba. Ya ce, “Addu'ar ba ta ɓaci ba, an ajiye maka.” Kowa ya zama mai ban dariya a garin nan.

Da ya miƙe ya ce, “Ni ba zan iya amsa maka ba, ita ma ba za ta iya ba. Kai kaɗai ka san abin da ke ranka. Amma ka sani baiwar Allah tana can, ba ta san ko matar aure ce ko bazawara ba.”

Na raka shi bakin zaure.

Asabar, da safe

Ruwa tun asuba. Ɗakinta yana yoyo daidai kan gado. Na ja gadon gefe na tara ƙwarya. Don daɓen na yi.

Lahadi, bayan la'asar

Wani falke mai busasshen kifi ya tsaya a ƙofa da saƙon Bakari. Wai yana gaisuwa. Wai kafin Babbar Sallah a san matsayin ƙanwarsa. In saki ne a aiko da takarda, tun da rubutu ba ya yi mini wuya. In Sallah ta zo bai ji komai ba, zai kai magana gaban alƙali a raba.

Bakari, da in ka ajiye masa alif zai ɗauka ƙugiya ce, shi ke yanka mini wa'adi. Lokacin da ruwa ya ci tungarsu, a wannan zaure ya kwana da iyalinsa har kaka.

Na tambayi falken ko ita ta ba da wani saƙo. Ba ta bayar ba. Ban ma san me ya sa na tambaya ba.

Litinin, da hantsi

Na zauna zan rubuta takardar. Na yi bisimilla, na rubuta sunana da na ubana. Tawadar ta yi ruwa. Na haɗa wata, bakin alƙalami ya tsage. Kayan kamfani ne, duk abin da ya fito daga hannunsu haka yake.

Laraba, da magariba

Takardar tana ƙarƙashin buzu. Gobe.

Alhamis, da magariba

Gobe.

Juma'a, da hantsi

Uwa dillaliya ta shigo da kanta, ta dire akushi a gabana. Ta ce, “In ka sake mayar da wannan, a kanka zan juye. Ba don kyan halinka nake kawowa ba. Mairam ce ta ce kada a bar ka da yunwa.”

Na ce ita ce ta tara mini gari da dogon bakinta.

“Ni na ce ka mutu? Cewa na yi na gidan Malam Inuwa ne. Kai ka kulle kanka a ɗaki har mutane suka ga ka dace da likkafani.”

Na ce su biyu suka haɗa baki suka yi mini wasan Nasara.

“Wasa? Tun bayan ƙaramar Sallah take aikena wurin Kolo, kukun Mai Lofe. Yaya ake shimfiɗa ƙyallen, ina ake kafa kyandir, wane hannu ke riƙe cokali mai yatsu. Har Kolo ya fara ɓuya in ya hango ni. Shi ya ce a wurinsu matar kusa da mijin take zama, su ci tare. Ta ce ita ina za ta iya haɗiye loma a gabanka. Sai na shigo na tarar da tsohuwar nan a madafi tana koyon soka rogo da cokali, rogo yana tsalle yana faɗawa toka, tana dariya tana share hawaye. Liman da waina na zaure ne, a yi maka addu'a a watse. Na ciki naku ne. Turmi nawa ka ga an kifa?”

Na buɗe akushin.

“Ɗaya nawa ne. In ka gama fushi ka aiko mini da abina.”

Biyu ne. Na gani a ranar, har na rubuta a nan, ban tsaya na tambayi kaina na biyun na waye ba. Ban taɓa ganin Mairam tana cin abinci ba. Ta kawo mini ta fita, ta ci nata a madafi da yara. Da yaran suka yi aure suka watse, ta ci ita kaɗai. Haka Inna ta yi, haka kowa yake yi. Ban san ko da sauri take ci ko a hankali ba.

Duk da haka wauta ce. Wauta ce a sayi farin alawayyo a garin nan ba a yi wa mai yadi bayani ba.

Na ci tuwon. Miyar Uwa ruwa ce zalla.

Asabar, bayan azahar

Na mayar wa Uwa turminta da kaina. Ya fi yadda na zata nauyi, mirgina shi na yi har ƙofarta. Mata suna leƙe ta zana. Su leƙa.

Talata, da hantsi

Kogi ya cika ya shiga fadama. Ya'u ya ce shinkafarsa sai kunnuwanta ake gani, in ruwan ya ƙaru kaɗan ya yi sallama da ita. Hanyar Kirikasamma ta yanke, sai da kwalekwale.

To, ko na so zuwa babu hanya. Ban ce ina so ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na je. Sahu ya buɗe mini wuri fiye da yadda nake bukata. Babu wanda ya yi dariya a ciki, sun bari sai a waje. Na kai wa mai goro takalmansa, ya karɓa da hannu biyu yana karanto abin da ya sawwaƙa.

Mai gajeren wando ya tare ni a hanya, ya gaishe ni da Turanci don mutane su ji. Turancin ma a karkace. Na amsa masa da Hausa. Ya ce Manaja ya ji labarin rasuwata, ya yi juyayi ƙwarai. Na ce ya gaya masa ya adana juyayin, zai yi masa amfani.

Na dawo gida cike da haushi. Na shiga tsakar gida na buɗe baki zan ba da labari. Babu kowa sai kaji.

Litinin, da la'asar

Ba abin rubutawa. Kaza ɗaya ta mutu, ban san me take ba su ba.

Alhamis, ɗaya ga watan Babbar Sallah, bayan azahar

Jiya aka ga wata. Liman ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya ce, “Niyya fa, Malam Inuwa? Kwanaki sun ƙure.” Na ce ba shi zan fara gaya wa ba. Ya ce alhamdu lillahi. Ban ga abin godiya a ciki ba.

Lahadi, da la'asar

Na sayi goro. Na je wurin mai yadin nan na ce ya yanko mini zane. Ya ce wane iri. Na ɗaga murya yadda rumfunan kusa za su ji, na ce, “Mai launi. Na mai rai ne.” Ya yanka bai ɗago kai ba.

Ya'u zai kai ni bakin ruwa da jakinsa gobe. Na gargaɗe shi kada ya yi mini magana a hanya. Ya ce ai shi da jakin zai yi.

Ba biko zan je ba. Zan je in ji dalili ne daga bakinta.

Talata, bayan la'asar, a tungar su Bakari

Jiya jaki, muka kwana a wani ƙauye a bakin fadama. Yau kwalekwale tun da safe. Ruwa iya ganinka, kawunan dawa suna leƙowa, tsuntsaye a kan kowane kututture. Da muka kusa, mai fito ya ce ciyawa ta toshe mashigar, kwalekwale ba ya wucewa, sai dai gora. Babbar gora irin wadda masunta ke kifa ciki a kai su yi ta tura ruwa da hannu. Na ce ni? Ya ce ko in koma.

Na tuɓe riga, na naɗe goro da zane da wannan littafi a ciki, na ɗaure a ka. Tsohon akawun kamfani, wanda ya yi karatu a Kano, kife a kan gora kamar kwaɗo, gora tana juyawa da ni duk inda ta ga dama. Matan da ke wanki a gaɓa suka bar wankin suka tsaya kallo. Na sha ruwan fadama fiye da sau ɗaya.

Bakari ya tarbe ni da gaisuwa cikakkiya, babu abin da ya rage, babu kuma abin da ya ƙara. Ya shimfiɗa mini tabarma a jikin zana. Na san tana bayan zanan, na ji tarinta.

Ya ce, “Malam, da kanka ka kawo takardar?”

Na ce ban kawo takarda ba. Na tura masa goro da zane.

“Wannan na gani. Na baki nake tambaya.”

Na daɗe ina kallon ruwa. Sannan na ce, “Ban yi niyyar saki ba. Ko a lokacin, ko bayansa.”

Ya juya wajen zana ya ce, “Kin ji.” Ta ce, “Na ji, Yaya.” Ya ce shi nasa ya ƙare, saura namu. Ya ɗauki komarsa ta kamun kifi ya koma gindin bishiya yana ɗinki, ba da nisa ba, inda kunnensa zai kai.

Na yi niyyar in fara da taushi. Abin da ya fito shi ne, “Me ya kai ki? Da girmanki, me ya kai ki wannan aiki?”

Na ji ta matso jikin zanan. Sannan ta ce, “Malam, tun da aka karɓi makullan nan, duk sanda na kawo maka tuwo sai ka ce da ma ba a haife ka ba. Safe ka faɗa, yamma ka faɗa. Ni ban yi karatu ba, ban san amsar da ake ba mai ilimi ba. Sai na tuna Nasaran da kake ba ni labari, masu yin biki don kawai an haifi mutum, ba don yana riƙe da makulli ba. Na ce to, ga amsar. Ni dai na ji daɗi da aka haife ka. Ban iya faɗa ba, shi ne na dafa.”

Ban tuna ina faɗin haka ba. Na san na faɗa.

Na ce, “Na gode da abincin.”

“Wane abinci? Wanda ka sa ƙafa ka kifar? Ko ɗanɗanawa ba ka yi ba.”

Akwai abin da ban rubuta a littafin nan ba, ban kuma yi niyyar kowa ya ji ba. Na rage murya don Bakari. Na ce, “Da kika shige ɗaki kika rufe, mutane suka watse, na dawo tsakar gida. Na tsince kifin daga ƙasa, na ɗauraye da ruwan buta, na zauna na ci. Har kan.”

“Da ƙasa?”

“Da ƙasa.”

“Ya ji gishiri?”

“Ya ji.”

“Ƙarya kake, Malam. Ban sa ba. Sai da na kwanta na tuna.”

Na ce to, ban lura ba. Zana ya fara girgiza, na gane dariya take yi, irin wadda ake toshe baki da gefen zane. Bakari ya yi tari ya ƙara sunkuyar da kai a kan komarsa.

Da ta nutsu ta ce, “Ka rame?” Na ce miyar Uwa nake ci. Ta ce, “Allah sarki.” Ban roƙe ta ba, ban san yadda ake yi ba, na zauna kawai ruwa yana ɗiga daga gemuna.

Sai ta ɗaga murya ta ce, “Yaya, gobe a nemo gora biyu.”

Laraba, da azahar, a bakin fadama

Ta fi ni iya gora nesa ba kusa ba. Tana gaba, tana ta waiwayowa ta ga ko na nutse. Yanzu tana can gindin tsamiya tana shanya zanenta, muna jiran Ya'u da jakinsa.

Da mutanen Haɗeja kam ban huce ba.